Gizo da Ƙoƙi: Tarihin Wata Al'umma da Hausawa Suka Ƙaga

A shekarar 1901 wani marubuci ɗan Ingila mai suna H. G. Wells ya fitar da ƙagaggen labari kan wasu mutum biyu da suka je duniyar wata. A can suka tarar da halittu masu siffar tururuwa, suna zaune cikin ramuka a ƙarƙashin ƙasa, suna kiwo, suna da masana, suna da sarki mai ƙatuwar ƙwaƙwalwa. Kowane ɗa tun yana ƙarami ake lanƙwasa jikinsa ya dace da aikin da zai yi har ya mutu. Daga nan marubutan Turai da Amurka suka samu hanya. A 1959 Robert Heinlein ya rubuta yaƙin ɗan Adam da wasu ƙwari na sararin samaniya masu leburori da mayaƙa da sarauniya. A 1985 Orson Scott Card ya kawo nasa ƙwarin, waɗanda tunaninsu duka yana hannun uwa ɗaya. Yau matasanmu na Tangin da sauran unguwannin Wagadugu suna kallon jikokin waɗannan labarai a wayoyinsu, suna ɗauka ƙwaro mai hankali fasahar Bature ce.

To, mai karatu, a tsaya tukuna. Musulmi bai taɓa jin baƙon abu ba idan aka ce ƙwaro yana da fahimta, domin a Suratun Namli tururuwa ta gargaɗi 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada rundunar Annabi Sulaimanu ta tattake su. Wannan wahayi ne. A ɓangaren ƙage kuwa, tun ƙarni na 10 wasu malamai na Basra da ake kira Ikhwanus Safa suka rubuta shari'ar dabbobi da 'yan Adam a gaban sarkin aljanu, inda shugaban ƙudan zuma ya tashi ya yi bayanin tsarin mulkinsu. Mu ma Hausawa muna da namu, kuma iyayenmu mata ne suka ƙaga shi a tsakar gida bayan sallar isha: Gizo da matarsa Ƙoƙi.

Mu fara da jikinsu. Gizo-gizo na gaske ƙafafunsa takwas ne, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike, shi ya sa masana halittu ba sa lissafa shi cikin jinsin ƙwari masu ƙafa shida. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa ƙafafunta shida, ta ɗaga biyun gaba kamar mai roƙo, da su take cafke abin da za ta ci. A daji idan suka haɗu ɗaya yana iya zama abincin ɗaya, kuma an san macen ƙoƙi-ƙoƙi takan cinye namijinta a wasu lokuta. Amma tatsuniya ta ɗaura musu aure, ta ba su ɗaki da rumbu da gona. Gizon tatsuniya yana noma, yana cin tuwo har ya side kwano, yana zuwa fada ya faɗi ya yi gaisuwa, in asirinsa ya tonu kuma ya haye bango ya maƙale a kusurwar rufi. Yana da tsamin baki, wanda duk mai ba da tatsuniya sai ta kwaikwaya yara su fashe da dariya. Ka ga an ba shi jiki, an ba shi murya tasa shi kaɗai, abin da marubutan zamani suke shan wahala kafin su ƙera wa halittunsu.

Al'adarsu ita ce abin lura. Ƙwarin Turawa taro ne marar fuska, dubbai masu bin umarni ɗaya, kuma Heinlein, da yake rubutu a tsakiyar yaƙin cacar baki, ya kwatanta nasa da tsarin gurguzu a fili. Abin da suke tsoro shi suka zuba a cikin ƙwaron. Gizo shi kaɗai yake yawo, ba runduna, ba ƙarfi, sai ciki da wayo. A lokacin yunwa ya ci bashin abinci wurin giwa, ya ci wurin dorina, ranar biya ya miƙa wa kowace bakin igiya suka yi ta ja, kowace tana zaton da shi take kokawa. Hankaki suka ara masa gashinsu ya tashi zuwa itacen ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa suka ƙwace kayansu suka bar shi can. Tatsuniya tana yaba dabararsa, tana kuma kunyata kwaɗayinsa. Ni a ganina wannan hoton ƙaramin mutum ne a ƙasar manya, irin baƙon da ya sauka garin da sarautar ba tasa ba ce, harshen ba nasa ba ne, dole ya rayu da bakinsa.

Shi ya sa Gizo ya ji daɗin tafiya da fatake. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro yakan ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, kuma duk inda aka ya da zango, wasu sukan zauna su yi aure. Haka Hausawa suka kafa unguwarsu a Wagadugu, wadda Mosawa suka kira Zangwetin, sunan da ya fito daga kalmar zango. A nan Gizo ya tarar da wani gwani ya riga shi, domin a tatsuniyoyin Mosawa zomo ne mai wayo, kura ce wawa. A kudu kuma, wajen Asante, ya tarar da Ananse, gizo irinsa. Ko da Turawa suka fara tattara tatsuniyoyinmu, mutanen zango sun ba da nasu kaso. Frank Edgar ya buga littattafai uku daga Arewacin Nijeriya tsakanin 1911 da 1913, amma wanda R. S. Rattray ya fitar a 1913 a ƙasar da yau ake kira Gana aka tattara shi, wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa da ajami. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya shigar da tatsuniya aji da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni.

Tatsuniya tana buƙatar tsakar gida, kuma tsakar gidan ce ta fara watsewa. A 2003 aka rushe Zangwetin da unguwannin da ke kewaye da ita a ƙarƙashin shirin ZACA na sabunta tsakiyar birni, iyalai suka bazu zuwa gefen gari. Wanda ya kalli fim ɗin District 9 na 2009, inda ake tashin baƙin halittu masu kama da ƙwari daga unguwarsu a Johannasbag, zai gane cewa su ma masu fim sun san ƙwaron ƙage hanya ce ta yin maganar mutanen da aka mayar saniyar ware. Kakar da a da take tara jikoki goma a tabarma ɗaya, yau jikokin suna unguwanni biyar, suna Faransanci a makaranta, suna yaren Mosi a titi.

A shirin da nake gabatarwa a rediyo, duk ranar da na buɗe layi kan tatsuniya, dattawa mata ne suke cika shi, har da kwaikwayon tsamin bakin. Matasa kuwa yawancinsu sun san yanar gizo, sun san bakan gizo, amma ba su san mai yanar da bakan ba. Hausawa na cewa tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. A zangonmu tana neman ta ƙare a kan tsohuwar da ta iya ta.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ake kallon ƙwarin Amurka da ita tana ɗaukar murya. Duk mai kaka a raye ya zauna gabanta ya naɗi tatsuniya uku, da waƙoƙin cikinsu, yadda ta faɗe su da Hausarta ta zango, kada a gyara mata. Muna zaune a birnin da ke karɓar bikin fina-finan Afirka na FESPACO tun 1969, kuma akwai yaranmu da suka iya zanen katun a kwamfuta. Idan suna neman halitta mai ƙafa takwas, mai magana, mai mata da bashi da maƙiya, ba sai sun je duniyar wata ba. Su fara da tambayar tsofaffin gidansu.