Wutar Murhu Da Dajin Rugu

Ko wane gida, na sarki ne ko na talaka, ba ya rabuwa da bukatar abu biyu, watau wutar dafa abinci da hasken dare. Hatsi ko ya cika rumbu ba ya zama tuwo sai an hura wuta. Abin da a ke hura wutar da shi, ko itace ne, ko gawayi, ko kananzir, ko gas, shi a ke kira makamashi. A 'yan shekarun nan tsadarsa ta kai matsayin da maigida ya kan auna kuɗin itace kamar yadda ya ke auna kuɗin cefane. To, domin mu gane yadda aka yi haka ta faru, bari mu bi tarihin wutar murhu a ƙasar Batsari da Safana, waɗanda ke yammacin Jihar Katsina, a bakin Dajin Rugu.

Dajin Rugu ƙungurmin daji ne wanda ya raba ƙasar Katsina da ta Zamfara. Bayan jihadi, sa'ad da Fulani suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Tun daga nan dajin ya zama hanyar mahara, garuruwa da yawa na gefensa suka watse, itatuwa suka rufe kufai. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Zakka a 1853 zai tafi Sakkwato, sai da ayarinsu ya yi shiri sosai kafin ya keta dajin, don tsoron abokan gaba. Jarumawa irin su Ɗanwaire, Sarkin Ruma, a wannan bakin daga suka yi suna. Har wa yau hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina.

A wancan zamani mutumin ƙauye ba ya sayen makamashi da kuɗi, da ƙarfinsa ya ke saye. Mata da yara su kan fita bayan gari su tsinto ƙirare, maza su sari busasshen marke da taramniya su ɗoro wa jaki. Maƙera su kan nemi ƙirya, gama gawayinta ya fi na ko wane itace ƙarfi. Bayan kaka ga karan dawa da na gero, ga kashin shanu. Ba a san ashana ba, da ƙyastu a ke ƙyasta wuta, ko kuwa a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi a katanga. Da dare sai a kunna fitilar aci-bal-bal, da man gyaɗa ko man kaɗe, lagwaninta kuwa na auduga. Duk abin nan ba wanda ya fito daga wata ƙasa, saboda haka ba wanda zai iya sa masa tsada daga nesa.

Da Turawa suka kama ƙasa a 1903, hare-hare suka ƙare, sai mutane suka fito daga cikin ganuwa suna saran sababbin gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Noman gyaɗa da auduga ya bunƙasa, domin da su a ke biyan haraji. Ko wace sabuwar gona kuwa, daji ne aka sare. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa shi ke komowa da kananzir da ashana da fitilar ƙwai, kantunan Turawa suna sayarwa, 'yan koli suna kai wa kasuwannin ƙauye a kwalba. Wannan shi ne farkon shigar kuɗi cikin sha'anin wutar gida. Amma fa a fitila kaɗai ya tsaya, murhu yana nan da duwatsunsa uku da itacensa na kyauta.

Tun a lokacin akwai waɗanda suka hango haɗari. Wani masanin daji Bature, Stebbing, ya yi gargaɗi a 1935 cewa Hamada tana gangarowa kudu. Sai gwamnatocin Ingila da Faransa suka tura masu bincike, suka bi kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Abin da suka gano shi ne, ba rairayin Hamada ne ke tahowa ba, mutane ne ke tsiraita ƙasa da gatari da wuta. En'e ta Katsina ta keɓe wurare a Rugu da Ruma aka mai da su gandun daji, aka sa malaman daji suna tsaro, ba mai sarar ɗanyen itace sai da takarda. An kuma yaɗa dashen dalbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi. Bayan mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin waɗanda aka yi wa aiki don Fulani makiyaya.

Dokar daji ta kare itatuwa da yawa, amma ta haifar da wata illa. Talaka ya ɗauka cewa ko wace bishiya ta hukuma ce, mai jawo tara, ba tasa ba ce. Wanda ya ga tsiro a gonarsa sai ya yi maza ya sare tun bai girma ba, kada ya zame masa rigima. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Sa'an nan aka shiga zamanin man fetur. An haƙo mai a Oloibiri a 1956, aka buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980. Gwamnati ta riƙa biyan wani kashi na kuɗin mai da kananzir domin su yi araha, abin da a ke kira tallafi. Ma'aikata da 'yan kasuwa na birane suka sayi risho, har ya shiga cikin kayan ɗakin amarya. A wannan lokaci ne kuma aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, aka sake wani a 1983 da 1984. Itatuwa da yawa suka bushe a tsaye, manoman da amfanin gonarsu ya lalace suka koma saran itace suna sayarwa don su ci abinci. Motoci suka fara shiga dajin suna lodin faskare zuwa Katsina da sauran garuruwa. Itace ya zama haja.

Arahar kananzir ba ta daɗe ba. Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta faɗuwa. A zamanin Janar Abacha, daga 1993 zuwa 1998, kananzir ya yi wuyar samu ƙwarai, har mutane suka ƙago wani murhun ƙarfe suka sa masa sunansa. Matan birni suka ajiye risho suka koma gawayi da itace. A nan ne za ku ga wata ƙa'ida wadda tarihi ya maimaita sau da yawa: duk ranar da makamashin kanti ya yi tsada a birni, dajin ƙauye ne ke biya. An yi ƙoƙarin mai da abin da aka rasa. A 1987, shekarar da aka kafa Jihar Katsina, aka soma babban aikin dashen itatuwa da taimakon ƙasashen Turai, aka raba wa manoma dashe, aka yi shingayen kare iska. Amma gatari ya fi mai dashe sauri.

Abin da ya biyo baya, yawancinku kun gani da idonku. A watan Janairu na 2016 aka janye tallafin kananzir, farashin gwamnati ya tashi daga naira 50 zuwa naira 83 ko wace lita. Kafin ƙarshen 2022 lita ta haura naira 1,000. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Gas ɗin girki, wanda aka yi ta kwaɗaita wa jama'a, shi ma kilo ɗaya ya wuce naira 1,000 a 2024. Kada wani ya ce mutumin Runka ko Wagini ba ruwansa da fetur tun da ba shi da mota. Injin niƙa da mai ya ke aiki, haka injin ban ruwa, haka injin mai cajin waya, haka motar da ke ɗauko itace da gawayi. Duk wanda ya sayi ɗaurin itace ya biya kuɗin fetur a ciki.

A dā, in irin wannan ta faru, sai a ɗauki gatari a nufi daji. Wannan karon kuwa an tarar da ƙofar a rufe. Cikin shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka kafa sansani a Dajin Rugu. Batsari da Safana suna cikin wuraren da suka fi shan wuya. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Matar da ta fita tsintar itace ba ta da tabbacin komowa. Dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, inda ko ƙirare sai da kuɗi. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa doka domin toshe wa mahara hanyar samun guzuri. Cikin abin da ta hana har da ɗauko itace daga daji a manyan motoci, da sayar da fetur a jarka. Ashe tarihi ya juyo: dajin da Barth ya ji tsoron ketawa ya sake zama abin tsoro, sai dai yanzu jama'a sun ninka, itatuwan bayan gari kuwa sun ƙare.

To, yaya gidaje suka yi? Waɗansu suka rage girki, a dafa sau ɗaya a ci sau biyu. Matan da suka san ta kan murhu su kan jiƙa wake tun da dare, su rufe tukunya da murfi, su zare itace su kashe shi da zarar abinci ya nuna. Aka koma ga kara da totuwar masara da kashin shanu. Fitilar ƙwai ta ba da wuri ga tocila mai batir da fitila mai cin hasken rana, wadda in an saye ta sau ɗaya an huta da sayen mai. Wannan kam ci gaba ne. Amma waɗansu dabarun bashi ne a ke ci daga gobe. Karan da aka ƙone da kashin shanun da aka ƙone, taki ne aka hana gona. Wanda ya sare ɗorawa ko tsamiya ya yi gawayi ya ci na yini ɗaya, ya rasa na shekara talatin. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Masu hura wuta da leda da roba kuwa cuta su ke saya wa iyalinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe mutum wajen miliyan 3 ko wace shekara a duniya, mata da ƙananan yara ne kuwa suka fi zama kusa da murhu.

Akwai darasi a wurin 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu bushewa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa ko wace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya, ba dashe, ba ban ruwa. Suka sa wa wannan dabara suna sassaben zamani. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne, hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka aka rayar da gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Matan da dā su kan yini neman itace suka koma sassaƙo rassa a gonar gida. Sabara da kalgo da gawo da ke can, irinsu ne ke tsiro a gonakin Batsari da Safana.

Jama'a, ga abin da wannan tarihi ya nuna. Farashin fetur da gas da kananzir a Abuja da kasuwannin duniya a ke yanke shi, ba a shawartar mutumin Ruma. Tsaron daji kuwa haƙƙi ne a wuyan hukuma, wajibi ne a ci gaba da neman sa a wurinta. Amma akwai abin da ke hannun ko wane maigida. Ya bar tsiron itace a gonarsa ya raine shi, ya dasa bedi a ƙofar gida da kan iyakar gona. A gina wa uwargida murhun laka mai kewaye wuta, wanda ba ya barin iska ta kwashe zafi. Hakimai da dagatai da malaman daji su kuma su tabbatar wa talaka cewa wanda ya raini bishiya shi ke da rassanta. Kakanninmu sun dogara ga daji, iyayenmu sun dogara ga kanti, duka biyu sun ba da kunya a rana ɗaya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.