Allunan da Suka Yi Tsatsa: Tarihin Ayyukan Taimakon Talakawa a Ƙasar Gashuwa da Nguru

A wani zama da muka yi a ƙofar gidan ɗaya daga cikin dattawanmu bayan sallar la'asar, wani yaro ɗan makaranta ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Ya ce, "Baba, wai waɗannan allunan ƙarfe masu rubutun Turanci da suka yi tsatsa a bakin hanya, su wa suka kafa su, kuma ina suka tafi?" Dattijon ya yi dariya ya ce masu taimako ne, sun zo sun koma. To amma da muka watse sai muka ga amsar ta yi kaɗan. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin abin a wannan mujalla tamu, domin yaran da aka haifa a nan Katuzu su san abin da ya wuce a kan iyayensu.

Sai mu fara da kanmu. Kowa ya sani mu baƙi ne a nan, ko da kuwa an binne kakan mutum a wannan ƙasa. Katuzu garin Badawa ne tun asali, Nguru kuma ƙasar Mangawa ce, inda Galadiman Barno ya zauna. Abin da ya jawo yawancin kakanninmu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Nguru daga Kano a 1930. Nan da nan garin ya zama matattarar gyaɗa da fata da ƙaro da kanwa da busasshen nama da bandar kifi. Da Mai Bade ya taso daga Gogaram ya dawo Gashuwa a 1946, sai kasuwar Gashuwa ita ma ta buɗe. Mutanen Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka yi ta sauka, wasu fatauci, wasu cin rani, wasu almajiranci, wasu kuma su ne ya kawo su.

A wancan zamani ba a san wata ƙungiyar waje ba. Baƙo ya sauka wurin mai masauki, a ba shi ɗaki da tuwo har ya tsaya da ƙafarsa. Maigida ya ba yaronsa jari. Mata su yi adashi, a ba bazawara akuya riƙo, in ta haihu a raba. In rufin wani ya faɗi a yi gayya. Gona kuwa aro ake ba mu, domin fadama ta masu gari ce, kuma sun yi mana karamci, Allah Ya saka musu da alheri. A riƙe wannan magana ta aro, za mu dawo kanta.

Arzikin wannan ƙasa duk ruwa ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ke malala cikin fadamu kowace damina, sa'an nan su haɗu su zama kogin Yobe da ya bi ta Gashuwa. In ruwa ya cika a yi shinkafa, in ya janye a shuka wake da sauransu a kan laima, masunta su kama kifi, Fulani su sauko da shanu da rani. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, kuma a 1974 ɗin aka gama madatsar ruwa ta Tiga a can Kano. Ba a gama farfaɗowa ba sai ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a 1983, ga farin 1984 a bayansa. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa. Masu awo sun nuna cewa a 1969 ruwa ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a 1993 bai kai 500 ba. Ka ga ke nan talaucin da masu taimako suka zo yaƙa ba daga sama kaɗai ya sauko ba, har da wanda hannun mutum ya ƙulla a can sama da mu.

Na farko da suka kafa ofis su ne masu aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru, a 1987. Ƙungiyar kare muhalli ta Nijeriya, wato NCF, ita da ƙungiyar masu kula da tsuntsaye ta Ingila, RSPB, su suka faro shi, daga baya IUCN ta karɓi jagoranci. Gaskiya da farko mutane dariya suka yi. Wai Turawa sun bar ƙasarsu sun zo ƙidayar agwagin ruwa, alhali mutane na fama da abin da za su ci! Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona a 1989 don ganin tsuntsayen nan da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi. Amma su kansu ma'aikatan ba su daɗe ba suka gane tsuntsu ba zai sauka inda babu ruwa ba, kuma ruwan da tsuntsu ke so shi ne ruwan manomi da masunci da makiyayi. Sai aikin ya karkata wajen mutane.

A ganinmu babban alherin da wannan aiki ya yi mana ba rijiya ba ce, ba kuma bashi ba. Lissafi ne. A 1991 wasu masana uku, Barbier da Adams da Kimmage, suka zauna suka ƙiyasta abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da ake samu in an tare ruwan an yi noman rani da shi a Kadawa. Suka tarar in dai ruwa ɗaya za a auna, amfanin da ake samu a fadamarmu ya ninka na can sau da yawa. Kafin nan manyan ma'aikata ɗauka suke yi ruwan da ya wuce Haɗeja asara ce kawai. Wannan lissafi na cikin hujjojin da aka riƙa ɗagawa duk lokacin da aka taso da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are. Talaka dai bai karanta takardar ba, amma ta yi masa magana a inda ba ya iya shiga.

Sa'an nan sai babban, wanda har yau in an ce "furojet" a Gashuwa tsofaffi shi suke nufi, wato NEAZDP, shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa. Ƙungiyar Tarayyar Turai ce ta ba da kuɗin a ƙarƙashin yarjejeniyar Lome, ECU miliyan 35 a kuɗinsu na wancan lokaci. Ya fara aiki a 1990, muna cikin Jihar Barno tukuna, domin sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Yobe. Hedkwatarsa na Garin Alkali, nan kusa da mu, kuma ya shafi ƙananan hukumomi tara: Bade, Jakusko, Karasuwa, Nguru, Machina, Yusufari, Bursari, Gaidam da Yunusari. 'Yan'uwanmu na Katsina da Sakkwato su ma an yi musu irinsa a daidai wannan lokaci.

Abin da ya bambanta shi da ayyukan gwamnati da muka saba shi ne ba ya zuwa da abu a shirye ya ajiye. Ma'aikaci ne zai je ƙauye ya zauna da mutane a gindin bishiya, a ce su faɗi abin da ya fi damunsu, su jera shi daki-daki. In rijiya suka zaɓa, to su kawo yashi da ƙarfinsu, shiri ya kawo siminti da gwani. Haka aka yi rijiyoyi da ɗakunan karatu da ƙananan asibitoci, aka kafa wuraren renon itatuwa, aka ba da bashin shanun noma da garma da amalanke, aka ba ƙungiyoyin mata injin niƙa, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga mace ta daina tashi da asuba tana daka saboda inji ya zo garinsu, ba zai ce aikin banza ba ne. Kuma a garuruwa da dama wannan ne karo na farko da wani mai mota ya zo ya tambayi talaka ra'ayinsa, ya kuma rubuta.

To sai dai ran 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Turai ta yi fushi ta dakatar da taimakon raya ƙasa da take ba Nijeriya. Mutumin Yusufari da bai taɓa jin sunan Ogoni ba, shi ya wayi gari kuɗin rijiyarsa sun tsaya. Shirin bai mutu ba, ya koma hannun gwamnati, amma ƙarfinsa na da bai dawo ba.

Yanzu bari mu dawo kan maganar aro, domin a nan ne tarihin ya taɓa mu kai tsaye. Duk wani shiri irin wannan ta ƙofar mai gari yake shiga, kuma haka ya kamata bisa al'ada. Amma in aka ce a rubuta manoma, wa za a rubuta? Mai gona. Wanda yake noma gonar aro, da ɗan ƙwadago, da matar da ke gumin shinkafa a bayan gida, da mai bandar kifi, da mai saƙar tabarmar kaba, da Bafulatanin da ke zuwa da rani kawai, sau da yawa babu layin da za a sa sunansu. Ba wai mugunta ba ce, takardar ce aka tsara haka. Mu kuma yawancinmu cikin waɗannan muke.

Zamanin alkama ya nuna wannan ƙarara. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sai aka yi ta sayar da injin ban-ruwa da rahusa, jigo ya kwanta. Bakin kogi da da ba wanda ya damu da shi ya zama zinariya. Wanda ya ba ka aron fadama shekara goma sai ya ce ɗansa zai noma, kuma ba ka da ta cewa, tasa ce. Masu kuɗi daga birni suka share daji, burtali da mashaya suka toshe, rigimar manoma da makiyaya ta ƙaru har aka yi asarar rayuka. Injin da aka kawo don talaka ya ɗaga wasu, ya kuma ture wasu daga inda suke tsugune. Da aka janye hanin, farashin alkama ya faɗi, amma gonakin ba su koma hannun masu aro ba.

Mu ma fa ba za mu wanke kanmu tas ba. Akwai bashin da wani shiri ya taɓa bayarwa, ba sai mun kama suna ba, wanda wasunmu suka ɗauka rabon gwamnati ne, aka yi aure da shi, aka ƙi biya. Asusun da ya kamata ya zagaya ya isa ga na baya sai ya ƙafe a hannun na gaba. Abin mamaki, mutumin da ba zai taɓa cin kuɗin adashi ba don kunyar uwar adashi, shi ne ya ci wannan bai ji komai ba. Mata kam, a iya abin da muka gani, sun fi mu biya.

Bayan Turawan Turai sai wata masifar ta ɓullo daga cikin ruwan kansa. Tun da madatsu suka sa kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara yashi, ta zama gidan jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Ruwan Haɗeja ya karkata kusan gaba ɗaya zuwa Marma da tabkin Nguru, gonakin can suka nutse, mu kuma na Gashuwa muka koma dogaro da kogin Jama'are. Wato wani na kukan ruwa ya yi yawa, ɗan'uwansa na kukan babu.

A farkon shekarun 2000 hukumar DFID ta Ingila ta kawo shirin JEWEL. Shi bai zo da kuɗi masu yawa ba. Abin da ya fi yi shi ne tara mutanen sama da na ƙasa, manomi da masunci da makiyayi da sarakuna da ma'aikatan madatsa, a ɗaki ɗaya, kowa ya ga yadda abin da ya yi wa ruwa ke faɗawa kan na bayansa. Daga nan garuruwa suka fito da lauje da kwale-kwale suka shiga yankan kacalla a hanyoyin ruwa irin su Burum Gana. In ka duba da kyau, gayyar kakanninmu ce aka sa wa sabon suna. A 2006 kuma aka yi babban taro a Damaturu zamanin Shugaba Obasanjo, jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Barno, suka amince da kafa asusun kula da wannan kogi. Kacalla dai ba ta ƙare ba, in an yanke ta bana sai ta tsiro baɗi. Ambaliyar 2022 kuma kowa ya ga abin da ta yi wa gidaje da gonaki a Bade da Jakusko.

Wani abu da muka lura da shi a wajen haɗa wannan tarihi shi ne, duk garin da masu shiri suka tarar da ƙungiya tsayayya, mai shugaba da ma'aji da littafin suna, ba a iya tsallake shi. Mu kuwa a shekarun NEAZDP ba mu da littafi ko ɗaya da ya nuna mutum nawa ne cikinmu ke noman aro, mata nawa ke gumi, nawa ke banda. Ko da an tambaya, baki ne kawai za mu buɗe.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu maza da mata da suka ga wannan zamani, wanda ya karɓi bashin shanu, ko ya yi aikin rijiya, ko aka karɓe masa gonar aro lokacin alkama, ya samu sakataren ƙungiya ya ba da labarinsa a rubuta. Wanda ke da tsohon kati ko rasit ko hoto a ƙasan adaka ya kawo a kwafa a mayar masa. Matan da ba sa fita, za a tura 'ya'yansu mata masu karatu su same su a gida. Littafin masu sana'a marasa gona kuma an riga an saye shi, yana wurin ma'aji.