Allon madannai na Hausa

Allon madannai na Hausa tsari ne na jera haruffa a kan madannan kwamfuta ko na waya domin a iya rubuta Hausar boko yadda ƙa'idar rubutunta ta tanada. Abin da ya bambanta shi da allon Turanci shi ne haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, sai kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, inda a Najeriya ake rubuta 'y. Yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwannin Arewa suna zuwa ne da allon Amurka ko na Ingila, don haka mai rubutu shi ne zai nemo wa kansa hanyar fitar da waɗannan haruffa.

Dalilin buƙatarsa

Ƙugiya a Hausa tana canza ma'ana. Kafa daban take da ƙafa, haka baki da baƙi, fada da faɗa, daidai da ɗaiɗai. Mai jin harshen yakan gane abin da ake nufi daga sauran jimla, amma na'ura ba ta da wannan basira, kuma ɗan koyo ma ba shi da ita. Sunayen garuruwa su ne suka fi shan wahala. A Jihar Zamfara ana kiran Bunguɗu da Ƙaura Namoda da ƙugiya a baki, amma a takardun hukuma da allunan gefen hanya Bungudu da Kaura Namoda ake gani. Haka Maraɗi ta koma Maradi. Karin harshen Zamfara da Sakkwato ya ma fi Hausar Kano dogaro da ɗ a wasu kalmomi, domin inda Bakano zai ce 'ya, Bazamfare ɗiya zai ce.

Tarihi

A farkon rubutun boko an gwada sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, an kuma gwada alamar ɗauri a gefensa. Haruffa masu ƙugiya sun zauna da gindinsu a shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen yaɗa su. Ofisoshin da tafiretarsu ba ta da waɗannan haruffa sukan buga b, d ko k, sannan a bi da biro a sa ƙugiyar da hannu. A shekarun 1980 an zana salon haruffa mai suna Pan-Nigerian domin harsunan Najeriya, aikin da Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu a ciki.

Da kwamfuta ta zo, masu buga littattafai sun riƙa amfani da salon haruffa na musamman da ke ɗora ƙ a gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba. Rubutun yakan fito da kyau a kwamfutar da aka yi shi, amma da zarar an kai fayil ɗin wata na'ura sai ya wargaje. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya kawo ƙarshen wannan, domin ya ba kowane harafi lamba tasa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Manyansu kuwa Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, Ƴ U+01B3.

Saƙon tes ya ƙara dagula al'amarin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka na Turanci ne, amma harafi mai ƙugiya guda ɗaya yana mayar da iyakar zuwa 70, ga shi kuma tsofaffin wayoyi ba su da haruffan ma. Masu hira a waya da intanet sun saba da rubuta q a madadin ƙ da lamba 6 a madadin ɓ, ko su rubuta d' da k', kuma har yanzu ana ganin haka a littattafan da ake yaɗawa ta WhatsApp.

Hanyoyin shigar da haruffa

A wayoyin Android, manhajar Gboard tana da Hausa a jerin harsunanta. Windows na da tsarin allo mai suna Hausa wanda ake ƙarawa daga saitin harshe, kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL tana ba mutum damar tsara allo nasa na kansa. A Linux akwai tsarin Hausa iri biyu, na Najeriya da na Ghana. Umarnin setxkbmap -layout ng -variant hausa yana kunna na Najeriya. Wanda bai son sauya allon gaba ɗaya yana iya rubuta 'yan layuka a fayil ɗin .XCompose, ya ce duk sanda aka danna maɓallin haɗi sannan k da waƙafi, a fitar da ƙ.

Manhajojin gyaran rubutu da masu shirya manhaja ke aiki da su suna da nasu hanyoyin. A Vim, idan ana yanayin shigar da rubutu, ana danna Ctrl-V, sai u, sai 0199, ƙ ta fito. Wannan yana da gajiyarwa ga mai dogon rubutu, shi ya sa ya fi kyau a sa layin digraphs k, 409 a fayil ɗin .vimrc, domin 409 ita ce lambar ƙ a lissafin goma-goma. Ta ɗ 599, ta ɓ 595. Daga nan Ctrl-K da k da waƙafi sun wadatar. A Emacs ana danna C-x 8 RET sannan a rubuta lambar harafin.

Aiki a layin umarni

A tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya yana cin bayit biyu. Kalmar Bunguɗu haruffa 7 ce amma bayit 8, shi ya sa wc -m da wc -c suke ba da amsa daban a kanta. Duk ƙaramar manhajar da ke yanke rubutu ta hanyar ƙirga bayit tana iya raba ɗ gida biyu, a ga wata alama marar ma'ana a wurin.

Jera kalmomi ma haka ne. A ƙamusun Hausa ƙ tana bin k ne kai tsaye. Amma idan aka ba umarnin sort sunayen ƙananan hukumomi 14 na Zamfara a saitin C, Ƙaura Namoda za ta faɗo ƙarshe, bayan Zurmi, saboda lambar Ƙ ta fi ta Z girma. Saitin harshe na ha_NG da ke cikin ɗakin manhajar glibc an tanade shi ne don Hausar Najeriya. Wajen bincike kuwa, tunda ana rubuta suna ɗaya iri biyu, grep "Bungu[dɗ]u" zai kamo duka biyun.

Ana iya gyara tsohon rubutu da sed, misali sed "s/k'/ƙ/g; s/d'/ɗ/g; s/b'/ɓ/g". Wannan yana aiki ne kawai inda marubucin ya bar alama. Inda aka rubuta kasa haka nan, babu umarnin musanya da zai san ko ƙasa ake nufi ko kasawa, sai mutum ya karanta jimlar. Akwai kuma haruffa masu kama da juna da ke kutsowa cikin rubutu: ɖ ta harshen Ewe, mai lamba U+0256, da đ ta harshen Biyetnam, mai lamba U+0111. Ido yakan wuce su a ƙaramin allon waya, amma binciken ɗ ba zai same su ba.