Wa Ya Karya Kasuwar Tanjarin a Japan?

A 1975 manoman Japan sun girbi tanjarin ɗinsu, wanda suke kira mikan, sama da tan miliyan 3.6, yau bai kai miliyan 1 ba. Ana yawan ɗora laifin kan lemun Amurka, tunda a 1991 aka cire ƙayyade shigo da shi. Amma lissafin shekarun bai goyi bayan wannan zargi ba. Tun 1972 kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas, har daga baya gwamnati ta riƙa biyan manoma su sare bishiyoyinsu. Gaskiya ne kayan waje sun ƙara matsi, musamman ruwan lemu, sai dai sun tarar da manoman tuddan Wakayama da Ehime suna tsufa, 'ya'yansu kuwa sun fi son aikin birni.