Daga azara zuwa katako: tarihin sana'ar itace a yankinmu

Kafin a san rumfunan 'yan katako a kasuwar Jega, azara aka sani. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega a wajen 1820, kasuwarta ta yi suna har ƙasar Yarbawa, kuma mai son ginin soro daga Fagada, Aliero ko Maiyama can yake zuwa.

Azara ita ce giginya da aka tsattsaga. Gara ba ta cinta, ruwa ba ya ruɓar da ita da wuri. Aibinta guda: in tazara ta yi yawa sai ta lanƙwashe, shi ya sa ɗakunan kakanninmu ba su da faɗi, sai gidan mai hali da ake yi wa bakan gizo. Masassaƙa kuma suna nasu, turmi da taɓarya daga kirya, kujerar zama 'yar tsugunno, akushi. Kayan nan duka mu mata ne masu sayensu, ko don auren ɗiya.

Kwano shi ya kawo katako. Rufin kwano yana son itace miƙaƙƙe mai karɓar ƙusa, dajinmu kuwa ba ya da irinsa. Sai aka koma Kudu. Tun zamanin Turawa kamfanin UAC yana da babbar masana'antar katako a Sapele, kuma daga dazuzzukan can manyan motoci ke ɗauko shi, su bi ta Kontagora da Yauri har su sauke a Jega. Da aka yi Jihar Kebbi a 1991 gini ya yawaita, sannan jami'ar Aliero ta zo a 2006, kowa na son ɗakin haya.

Sana'ar nan gado ce. Yaro ya fara da dakon falanki, ya koyi bambanta ja da fari, busasshe da ɗanye, in maigida ya yarda da shi ya yaye shi da jari. Bashi da amana ke tafiyar da ita, kamar dai adashenmu.

Yau abin ya yi tsada. Dajin Kudu ya ja baya, kuɗin mota ya hau tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ga gobara da kan cinye rumfa dare ɗaya. Giginyar ma an sare manyanta, mu kuma muna tone muruci tun bai zama itace ba, wannan laifin kam da mu a ciki. Teburin da muke kasa kaya, bencin ajin yaƙi da jahilci, ƙyauren shagon ƙungiya, duk sai mun je wurin 'yan katako mun yi ciniki.