Ƙarfe

ƙarfe [ƙarfèe] sn., nj., jam. ƙarafa [ƙaràafaa]

1. Ma'adini mai tauri da ake ƙira da shi. Mis.: maƙeri ya narka ~.

2. Lokacin agogo. Mis.: soja sun fito atisaye da ~ 5 na asuba.

3. Nauyin da ake ɗagawa don motsa jiki. Mis.: kurtu yana ɗaga ~ a bariki.

~ mai mariƙi: dunƙulen baƙin ƙarfe mai hannu a bisa kamar na buta, Rashanci: girya. Asalinsa ma'aunin hatsi ne a kasuwannin Rasha, daga baya sojojin Tarayyar Sobiyat suka riƙa horo da shi. Nauyi: kilo 16, 24 ko 32. Amfani: ƙarfafa ƙugu, cinya, gadon baya da damƙa, ƙara juriya.

lilon ~: wurga ~ mai mariƙi daga tsakanin ƙafafu zuwa daidai ƙirji.

fizgar ~: ɗaga ~ mai mariƙi sama da kai da hannu ɗaya, a tashi guda.

~n ƙafa: abin da ya ƙi rabuwa da mutum.

K.mgn.: ~ ɗaya ba ya amo.

Dubi: ƙarfi [ƙarfii] sn., nj.; ƙarfafa [ƙarfàfaa] fi.; ƙaƙƙarfa [ƙàƙƙarfaa] sif.