Yadda Bakteriyar Hanji Ta Shiga Maganar Kemo

Mu koma shekarar 1942, Jami'ar Yale ta Amurka. A can ne masu bincike Goodman da Gilman suka fara gwada wani sinadari, ɗan'uwan iskar gubar yaƙi, a kan mai sankarar kaluluwa, wato limfoma. Kumburin ya saɓe, amma bai jima ba ya dawo. Nan kemo, wato maganin sankara da sinadarai, ya samo asali.

Ba a daɗe ba likitoci suka ga ɓarnar da ke tafe da shi. Maganin yana ɗaye fatar cikin hanji, yana karya fararen ƙwayoyin jini, sai bakteriya ta tsallaka cikin jini, zazzaɓi ya rufe majiyyaci cikin dare ɗaya. Dole aka ɗauki bakteriyar hanji abokiyar gaba. A shekarun 1970 har killace masu dashen ɓargo ake yi a ɗaki na musamman, ana ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta don a wanke hanjin tas. Rai suke ƙoƙarin ceta, kuma sun ceci da yawa.

Sai a 2013 labari ya sauya. A cibiyar Gustave Roussy ta Faransa, ƙungiyar Laurence Zitvogel ta bi sawun cyclophosphamide, jigon magungunan limfoma, a jikin ɓeraye. Ashe idan ya raunata bangon hanji, wasu bakteriya irin su Enterococcus hirae kan silale zuwa kaluluwa da saifa, su tayar da garkuwar jiki, ita kuma ta afka wa sankarar. Da aka ba ɓerayen maganin kashe ƙwayoyin cuta vancomycin ya kashe bakteriyar, sai kaifin kemon ya dakushe. Abin da muka shafe shekara 70 muna tsoro, ashe akwai rabonsa a cikin aikin warkarwar. A wannan shekarar masu bincike a Cibiyar Sankara ta Amurka suka ga makamancin haka da wani maganin kemo, oxaliplatin.

A 2016 likitocin Kolon ta Jamus suka duba bayanan majiyyatan da limfoma ta dawo musu, suka tarar waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin vancomycin ba su amfana da kemo kamar sauran ba. Wataƙila tun farko su ne suka fi jin jiki, shi ya sa ake ci gaba da bincike.

Duk da haka, mai kemo da zazzaɓi ya kama, maganin kashe ƙwayoyin cuta wajibi ne a kansa, cikin gaggawa. Amma kada a saya masa a kemis sai da izinin likitansa.